Tsohon Zare Mai Jar Dara

A shekarar da sallar Nasara ta faɗo cikin ƙarshen azumi, babu mai yawan baki a Gure kamar Kafaran Manzo. Tsohon soja ne, kafaran kuwa shi ne kofur a sojan Faransa. Ya je yaƙin Jamus ya dawo da ƙafafunsa biyu, ya ga yunwar shekarar fara wadda ta cinye masa mata da ɗa, shi kuwa ko tari bai yi ba, kuma duk wanda ya kuskura ya zauna kusa da shi sai ya sha labarin nan tun daga tushe. Mu da muka ci wahalar nan muka fita da ranmu ba mu cika ganin laifinsa ba, don mun san abin da muka tsallake, yaran yanzu ba su sani ba. Aikinsa riƙon makullan mangaza a bariki, inda ake tara hatsi. Makullan nan a kugu yake ɗaure su, yana tafe suna ƙara, tun daga nesa ka san Kafaran ne.

Yana da wata sana'a da ya zo da ita daga Faransa. Lokacin da ya kwanta gidan likita can da rauni a cinya, wata tsohuwar mai jinya ta koya masa saƙan kwarashi, wato ɗan ƙarfe mai ƙugiya a baki da ake jan zare da shi. Da shi yake saƙa huluna, kuma wannan ma bai tsira daga alfahari ba. Yakan ce daga Damagaram har Borno babu hannu irin nasa.

Madam, matar kumandan, Banasaren da ke mulkin gari, ta ga wata hular da ya saƙa, sai ta sa aka kira shi. Ta nuna masa hoton wani tsoho mai jar riga da jar hula da farin gemu, wanda Nasara ke ce wa yaransu shi ke kawo musu tsaraba ranar Nowel. Tana son ƙarami, kamar babban yatsa, da zobe a kansa, ta rataya wa mijinta a makullai ranar sallarsu. Ta ba shi jan zare mai laushi da zoben ƙarfe, ta mai da hotonta cikin akwati. Manzo ya ƙame ya sara mata, ya ce an gama.

A inuwar mangaza ya yi aikin, da rana, azumi na cinsa. Ya fara da ɗan madauki, ya riƙa zagayawa yana ƙara ido har kan ya yi faɗi, sannan ya riƙa ragewa har ya tsuke a wuya, ya cusa auduga da gindin kwarashin. Riga ta fito ja wur. Da ya zo hula sai ya tsaya. Ta hoton doguwa ce mai wutsiya, da ɗan curi a ƙarshe.

Ya ce a ransa, “Wane dattijon kirki ne zai sa hula mai wutsiya?” Sai ya saƙa masa dara, gajeriya, irin ta mutanenmu.

Gemu ya ba shi wuya. Ya gwada auduga, ta zama kamar kumfa. Ya ɗaga kai sai ga farin bunsurun kukun bariki ɗaure a bayan mangaza yana tuƙa. Manzo ya kama shi da dabara, ya sa wuƙa ya yanki ɗan gashi daga haɓarsa, ya wanke, ya ɗinke. Gemu ya zauna ɗas, har da ɗan lanƙwasa.

Saura idanu. Ya zube 'yan duwatsun wuya da ya tsinto daga wata tsinkakkiyar sarƙar matarsa cikin ƙoƙo, ya ɗauki baƙi ya ɗinka a dama. Ya kai hannu neman na biyu, sai yatsansa ya faɗa kan fari. Ya ɗora shi a hagu, don ya gani kawai. Dariya ta kece masa har makullan kugunsa suna karkarwa.

Surukinsa ne sak. Malam Fannami, uban Kaltumi matarsa ta yanzu, dattijo mai lambun albasa da dabino a kwarin gabas da gari, ba a taɓa ganinsa ba jar dara ba, gemunsa fari fat, idonsa na hagu kuwa hakiya ta rufe shi tun da daɗewa. Tsohon nan bai taɓa zagin Manzo ba. Abin da yake yi ya fi zagi ciwo. In Manzo ya je gaisuwa ya ɗauko labarin yadda ya kwana cikin rami harsashi na wucewa ta kansa, sai tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce, “To, madalla,” ya juya ya tambayi wani ko an yi wa albasa ban ruwa. Duk Gure shi kaɗai ne bai taɓa buɗe baki don labarin Kafaran ba.

Manzo ya san abin da yake yi. Ya ɗinke farin dutsen, ya soka zoben ƙarfe ta tsakiyar darar.

Da yamma ya nuna wa Kaltumi. Bazawara ce ya aura bayan yunwa, mace mai nutsuwa, ba ta da yawan magana. Tana tankaɗe, ta karɓa ta juya shi a tafin hannu. Murmushin da ta fara ya ɓace.

“Maigida, wane ne wannan?”

“Tsohon Nasara mana. Na Madam ne.”

“Tsohon Nasara shi ma hakiya gare shi?”

“Ke dai ba ki san aiki ba. Dutsen da na samu ke nan.”

Ta dubi tarin baƙaƙen duwatsun da ke cikin ƙoƙo, ta dube shi. Ta miƙa masa abinsa. “Cire wannan idon tun kafin wani ya gani. In ba za ka cire ba, daga aljihunka sai hannun Madam. Na roƙe ka don Allah.”

Ya ce ya ji.

Kashegari ranar kasuwa ce. Manzo ya ce wa ransa ai dole a gwada zoben a ga ko zai riƙe nauyi, ba zai kai wa matar kumandan abin da zai tsinke ba. Ya rataya ɗan tsohon cikin makullansa, ya bi ta tsakiyar kasuwa, alhali hanyar bariki ba ta nan take ba.

Ɗan Kasuwa mai sai da kanwa, abokin wasansa, shi ya fara hangowa.

“A'a! Kafaran, ka haihu ne ba ka gaya mana ba? Yaushe suna?”

“Rufe mana baki, mai warin kanwa. Wannan aikin Faransa ne. Kakanka bai taɓa ganin irinsa ba.”

“Kawo in gani. Kai, har da riga! Ɗanka ya fi ka sutura.”

Mutane suka taru, masu azumi da ba su da abin yi sai kallo. Manzo ya kwance makullan ya ɗaga sama, yana ba da labarin yadda Madam ta tsallake duk telolin Damagaram ta zo wurinsa. Abin yana yawo hannu zuwa hannu. Can wani mai raƙumi daga Kelle ya kai shi kusa da fuskarsa, ya ce, “Wallahi na san mutumin nan. Ba mai albasan kwari ba ne?”

Sai kasuwa ta ɗauki dariya. “Malam Fannami! Har idon!” Ɗan Kasuwa ya faɗi kan buhun kanwa yana riƙe ciki. Manzo ya ce, “Ni ban ce ba,” amma yana faɗa yana washe baki, ƙirjinsa a gaba.

Wata tsohuwa mai sai da daddawa ba ta yi dariya ba. Ta nuna zoben da tsinke, ta ƙi taɓawa.

“Ashe shi ya sa. Tun shigowar azumi bawan Allahn nan yake fama da ciwon kai, nan tsakiya. Ku dubi inda ƙarfen ya huda.”

Mamadu wanzami, wanda shi ke yi wa Malam Fannami aski, ya murza gemun tsakanin yatsunsa. Ya ce a hankali, “Wannan kuwa ba zare ba ne. Gashi ne.”

Wanda abin ke hannunsa ya sake shi ya faɗi ƙasa, makullai suka yi ƙara. Kowa ya ja da baya. Manzo ya sunkuya ya ɗauka da kansa, yana cewa jahilci ne ke damunsu, an ba shi zoben ne bayan ciwon ya fara, su je su tambayi Madam. Kowa ya kau da kai. Wa zai je ya tambayi Madam? Har ya fita daga kasuwa yana jin idanu a ƙeyarsa, ya dafe makullan da hannu don kada su yi kuka.

Labari ya riga shi gida. Ya tarar da tsakar gida a share, murhu a kashe, babu Kaltumi, babu akwatin kayanta. Maƙwabciyarsu ta yi magana ta bayan zana, ba ta ko yi sallama ba.

“Ta ce in gaya maka furar buɗe-baki tana cikin ƙwarya, ta dama kafin ta tafi. Ta ce ubanta bai da lafiya, ba ta san ranar dawowa ba.”

Da zaginsa ta yi ta tafi, da ya san abin da zai ce. Ya zauna gaban ƙwaryar har aka kira magariba, ya kai ludayi baki sau ɗaya, ya ajiye. A masallaci ya tsaya a sahu, sai ya ga na damansa ya matsa, na hagunsa ma ya matsa, har iska na wucewa ta tsakaninsu. Mutumin da ya kwana cikin gawawwaki a ƙasar Nasara bai ji komai ba, yau ya idar da salla bai iya ɗaga kai ya gai da kowa ba.

Ya yi tunanin ya jefa abin a wuta. To, in ya ƙone, an tabbatar ke nan, za a ce ya ɓoye shaida, kuma in tsohon ya yi ko zazzaɓi ne, a wuyansa. Ya yi tunanin ya cire farin idon. Rabin kasuwa sun riga sun gani. Da gari ya waye ya je wurin Ɗan Kasuwa, ya tsaya a bakin rumfarsa ba ƙarar makulli.

“Ka raka ni biko.”

Ɗan Kasuwa ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskarsa, ya fasa. Ya ɗauki takalmansa.

Sun tarar da Malam Fannami a ƙofar gida, kan buzu, ya ɗaure darar da tsumma saboda ciwon. Dattawan unguwa na kewaye da shi, Mamadu wanzami ma yana nan. Manzo ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa a gefe, kansa ƙasa. Aka yi gaisuwa, tsohon ya amsa duka, bai rage ko ɗaya ba.

“An ce ka zo da ni a aljihu,” in ji shi. “Fito da ni in ga kaina.”

Manzo ya ajiye ɗan tsohon a bakin buzu. Malam Fannami bai ji tsoron taɓawa ba. Ya ɗauka, ya kai shi kusa da idonsa mai gani, ya daɗe yana dubawa.

“Baba, tsohon Nasara ne,” in ji Manzo, muryarsa kamar ba tasa ba. “Matar kumandan ce ta sa ni. Na sallarsu ne.”

“To. Gashin nan fa? Mamadu ya rantse shi bai ba ka ba. Kaltumi ma ta rantse. A ina ka samo gashina?”

“Ba naka ba ne, Baba.”

“Na wane ne?”

Manzo ya auna abin a ransa. Gumi ya tsattsafo masa duk da sanyin safiya. In ya ƙi faɗa, ya zama mai sammu, Kaltumi ta tafi ke nan har abada. In ya faɗa, a gaban dattawa, cikin azumi, a kunnen surukinsa. Ɗan Kasuwa ya zungure shi da gwiwar hannu.

“Na bunsuru ne.”

“Ɗaga murya, kunnena ma ya fara bin idon.”

“Gemun bunsurun kuku ne, Baba. Na bariki. Yana nan ɗaure, kowa na iya zuwa ya ga inda na yanka.”

Wani dattijo ya yi salati. Wani ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Mamadu ya karɓi abin ya sansana, ya yamutsa fuska, ya gyaɗa kai. Malam Fannami ya shafa nasa gemun sau ɗaya, ya sauke hannu.

“Warware shi,” ya ce. “Mu ga abin da ke cikina.”

Manzo ya zare zoben, ya nemo bakin zaren a gindin rigar ya kwance ƙullin, ya ja. Haka saƙan kwarashi yake, in ka sami bakin zare sai ya yi ta zuwa. Riga ta riƙa raguwa layi bayan layi, jan zare na taruwa a cinyarsa duk ya nannaɗe. Wuya ya buɗe, audugar ta fito. Dattawa suka miƙo wuya. Mamadu ya yayyaga ta a tafin hannu: babu farce, babu ƙasar sawu, babu laya. Auduga ce zalla, har da ɗan guntun iri a ciki. Aka saki numfashi. Ɗan Kasuwa ya ce, “To, alhamdu lillahi, kun gani,” ya fara neman takalmansa.

“Zauna,” in ji Malam Fannami. Ya tsinci duwatsun nan biyu daga kan buzu, ya jera su a tafinsa, baƙi da fari. “Sammu dai babu, na yarda. Ciwon kaina na Allah ne. Amma Manzo, tsohon nan na Nasara, a hoton da aka nuna maka, ido ɗaya gare shi?”

Manzo ya ji motsi a bayan zanan gidan, ya san wadda ke tsaye a wurin. Ita ta ga ƙoƙon baƙaƙen duwatsu da idonta.

“A'a, Baba. Biyu ne.”

“To, me ya kawo wannan?”

“Dariya na yi.” Ya ƙara sunkuyawa har goshinsa ya kusa taɓa yashi. “Na ga ya yi kama, na ji daɗi, na bar shi. Ta hana ni fita da shi, na fita. Ba ni da wata magana.”

Tsohon ya jujjuya duwatsun a tafinsa. Kaji na ta tono a gefe.

“Da sammu ne, da na san malamin da zan je wa,” ya ce. “Wannan kuwa ban san maganinsa ba. Jiya jikokina sun dawo daga rijiya suna kuka, wai ana ce musu jikokin makulli.” Ya zuba duwatsun a ƙasa. “Ban ce ka sake ta ba, ban kuma ce ta bi ka yau ba. Idon nan da ya ba ka dariya, ranar Idi kai za ka zame mini shi. Ka zo da safe ka kama mini sanda, ka kai ni filin Idi ka dawo da ni. Ta cikin kasuwa. In mun dawo, ita ta san abin da za ta yi.”

Madam ta sami nata a makare, da zare mai lanƙwasa, gemun auduga, da baƙaƙen idanu biyu. Ta ce ya yi kyau, ta ba shi sukari. Bai gaya wa kowa ba.

Ranar Salla Malam Fannami ya fito cikin sabuwar dara, ja kamar garwashi, gemu ya sha gyara. Har wata tsohuwar jar alkyabba ya yafa, wadda ba a taɓa ganinsa da ita ba, Allah kaɗai ya san inda ya aro ta. Mutumin da kullum yake zuwa lambunsa shi kaɗai, yau sai ya miƙa wa Manzo bakin sanda ya riƙe gindin, ya ce, “Mu je. A hankali, ni tsoho ne.”

Ba a taɓa yin doguwar hanya irin wannan ba a Gure. Duk wanda suka gamu da shi sai tsohon ya tsaya, a yi barka da Salla, a tambayi iyali, a tambayi dabbobi. Mutane su dubi jar dara, su dubi farin ido, su dubi Kafaran riƙe da sanda kansa a ƙasa, su ciji leɓe. Mata na leƙowa ta kan danga. Ba wanda ya yi dariya a fili, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi. A bakin kasuwa tsohon ya ce da ƙarfi, “Manzo, akwai rami a gabana?” Babu rami. Manzo ya ce, “Babu, Baba.” Aka ci gaba.

A filin Idi ya shimfiɗa masa buzu, ya tsaya a bayansa. Bayan huɗuba suka sake biyo hanyar, da tsaye-tsayenta duka. Da suka iso ƙofar gida tsohon ya karɓi sandarsa, ya shige ba tare da ya juyo ba, tafiyarsa garau. Manzo ya jira a waje, rana na hawa. Ba wanda ya fito. Ya yi sallama sau biyu, wata murya daga ciki ta ce masa Kaltumi ba ta nan.

Ya kama hanyar gida ta bayan gari, inda ba zai gamu da kowa ba. Ba ta nan. Ko garin Gidigir aka kai ta wurin gwaggonta, don kada ma ya sake ganinta?

Yana karyo kwanar lungunsu ya ga hayaƙi na tashi daga tsakar gidansa. Ya tsaya a bakin zaure, ya kasa shiga. Kaltumi na durƙushe gaban murhu tana tuƙa tuwo, ta ba shi baya. Ta ji shi, ba ta waiwayo ba.

“Itacen ya kusa ƙarewa,” ta ce. “In ka huta, a samo.”

Bai huta ba. Ya ɗauki gatari a bayan ƙofa, da rigar Sallarsa a jikinsa, ya fita.